Jan Magani Da Garkuwar Zuciya

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon daji a babban gidan likita ya san wani magani jawur, mai launin ruwan zoɓorodo, wanda ake ɗura ma maras lafiya ta jijiya, galibi bayan kowane sati uku. Kwana ɗaya ko biyu bayan an yi shi fitsari yakan koma ja, cikin ƴan makwanni kuma gashin kai ya zube. Sunansa doksorubisin, yana kuma cikin manyan magungunan da likitoci ke haɗawa su yi abin da ake kira shimiyoterapi, ko shimiyo a taƙaice, wato yaƙar daji da magunguna masu kashe ƙwayoyinsa. Ana aiki da shi bisa dajin nono, da dajin kaluluwa, da dajin jini, da na ƙashi, da na ƙodar yara ƙanana. Mutanen da ya ceto a duniya cikin shekara 50 ba su ƙidayuwa.

Amma fa maganin nan yana da wani aibu wanda ido ba ya gani. Jan fitsari yana wucewa, gashi yana sake tsirowa, amai yana tsayawa. Ɓarnar da yake yi ma zuciya ita ce ke taruwa a ɓoye, har wani lokaci mutum ya warke sarai daga daji, a yi murna, bayan wata shida ko shekara goma zuciyarsa ta kasa. To, masu karatu, akwai wani magani da ake sa wa kafin jan magani don ya tare ma zuciya wannan ɓarna. Sunansa deksrazoksan, a ƙasashen Turai kuma ana sayar da shi da sunan Cardioxane. Shi ne abin bayaninmu na yau, tare da dalilin da ya sa aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi.

Daga turɓayar Italiya

Asalin jan magani ƙasa ce. Cikin shekarun 1950 ma'aikatan wani kamfanin magani na Italiya, Farmitalia, suka ɗebo turɓaya kusa da wata tsohuwar ganuwa mai suna Castel del Monte, a kudancin ƙasar, suka sami wata ƙwayar halitta mai fitar da jan launi. Daga gare ta aka tace magani na farko, daunorubisin, a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da masanan kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa suka gano shi su ma ta nasu gefen. A shekara ta 1969 Federico Arcamone da abokan aikinsa suka fitar da ƙanensa wanda ya fi shi ƙarfi, doksorubisin, aka raɗa masa Adriamycin don tunawa da tekun Adiriyatik. Amurka ta ba da izinin aiki da shi a 1974. Daga baya aka sami epirubisin, wanda likitocin da suka yi karatu a Faransa ke yawan aiki da shi. Dangin duka ana ce musu antarasikilin.

Lissafin da zuciya ke riƙewa

Tun farkon shekarun 1970 likitoci suka lura cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi ma maganin da yawa suna soma haki, ƙafafunsu na kumbura, ba su iya kwanciya rigingine sai an tokare su da matasai. Wannan ita ce kasawar zuciya: tsokar ta yi laushi, ta buɗe, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Da aka bi sawu sai aka ga abin bai tsaya bisa yawan maganin da aka sa ran ɗaya ba. Jimillar duk abin da ya taɓa shiga jikin mutum tun ranar farko, ita ce abin dubawa.

Ga yadda ake awon. Likita yakan auna tsawon mutum da nauyinsa, ya fitar da faɗin fatar jikinsa da murabba'in mita. Babban mutum yakan kai wajen mita 1,6 zuwa 1,8. Sai a ƙayyade magani da miligaram bisa kowane murabba'in mita. Mace mai dajin nono, misali, ana iya yi mata miligaram 60 sau huɗu, jimilla 240 ke nan. Mai dajin kaluluwa ana yi masa 50 sau shida, jimilla 300.

A 1979 wani likitan Amurka, Daniel Von Hoff, ya duba takardun majinyata kusan 4000, ya ce idan jimilla ta kai 550, mutum 7 cikin 100 ne zuciyarsu ke kasawa. Shekara da shekaru ana riƙe da 550 a matsayin iyaka. A 2003 Dokta Sandra Swain ta sake lissafin da majinyatan da aka bi lafiyar zuciyarsu sau da ƙafa, sai abin ya fito da muni fiye da haka: 5 cikin 100 a miligaram 400, 26 cikin 100 a 550, 48 cikin 100 a 700. Ku dubi yadda hawan yake. Daga 400 zuwa 550 maganin bai ko ninka ba, amma haɗarin ya ninka sau biyar. Shi ya sa yau likitoci ba su son wuce 400 zuwa 450 a tsawon ran mutum duka.

Wannan iyaka kuwa tana da tsada. Akwai matar da dajinta ke jin maganin, ƙullutun yana raguwa, amma lissafi ya cika, dole likita ya janye makamin da ya fi aiki don tsoron kada a tsere ma daji a faɗa ma ciwon zuciya.

Me ya sa zuciya?

Mai karatu zai ce: maganin yana zaga jiki duka, don me zuciya ta fi shan wuya? Amsa ta farko ita ce, ƙwayoyin tsokar zuciya kusan ba su sabuntuwa. Hanji, da fata, da ɓargo suna maye gurbin abin da ya mutu cikin ƴan kwanaki. Zuciya kuwa, akasarin ƙwayoyin da aka haifi mutum da su, da su zai tsufa. Wadda ta mutu, tabo ne ke zama gurbinta.

Amsa ta biyu ta shafi ƙarfe. Zuciya ba ta hutu dare da rana, saboda haka ƙwayoyinta cike suke da wasu ƴan murhuna da ke ƙona abinci da iskar shaƙa su ba da ƙarfi. Jan magani yana son taruwa cikin murhunan nan, ya kama sinadarin ƙarfe da ke wurin, haɗuwarsu da iska ta haifar da wasu gubobi masu cin bangon ƙwaya, kamar yadda tsatsa ke cin garmar da aka manta a gona da damina. Hanta tana da isassun abubuwan kashe irin gubar nan. Zuciya nata kaɗan ne.

Shekara talatin ana ganin ƙarfen nan shi kaɗai ne mai laifi. Sai dai wani abu ya riƙa damun masana: an gwada wasu magungunan masu kama ƙarfe, da bitamin masu kashe guba, ba su tsare zuciya yadda aka zata ba. Cikon amsar ya fito tsakanin 2007 da 2012. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai dogon zare mai ɗauke da umurnin halitta, zaren kuwa yakan harɗe. Akwai wani ma'aikaci cikin ƙwaya, masana na kiransa topo-izomeras, wanda aikinsa irin na masaƙi ne: in zare ya harɗe sai ya tsinka shi, ya warware, ya sake ƙullawa. Jan magani yakan riƙe hannun masaƙin bayan ya tsinka, kafin ya ƙulla, zare ya zauna a tsinke, ƙwaya ta mutu. Haka yake kashe daji. Masaƙin nan iri biyu ne. Ƙwayoyin daji masu saurin haihuwa sun fi dogara ga iri na farko, alfa. Zuciyar babban mutum kuwa iri na biyu gare ta, beta. A 2012 masana a Houston, ƙarƙashin Edward Yeh, suka cire iri na biyu daga zuciyar ɓeraye, suka ba su jan magani, zuciyarsu ta tsira. Deksrazoksan yana aiki ta fuska biyun: yana rufe masaƙin zuciya na ɗan lokaci don kada jan magani ya same shi bisa aiki, in kuma ya narke cikin jiki yana zama abin kama ƙarfe. Yau masana da yawa sun fi ba aikin farko nauyi.

Maganin da aka nema don wani abu dabam

Ba don zuciya aka ƙirƙiro shi ba. A ƙarshen shekarun 1960, a wata cibiyar binciken daji ta birnin Landan, Andrew Creighton da Kurt Hellmann suna neman sabon maganin kashe daji, suka fitar da razoksan, wanda deksrazoksan ɓangare ne nasa. Wajen kashe daji bai yi wani abin kirki ba. A 1972 Eugene Herman, a Amurka, ya gwada shi bisa zuciyar karnuka, ya ga yana rage ɓarnar dangin jan magani. Aka ci gaba da gwaji bisa dabbobi har shekara goma sha wani abu kafin a kai ga mutane.

Gwajin da ya buɗe ido shi ne na Dokta James Speyer a jami'ar New York, wanda ya soma bayyanawa a 1988, ya cika a 1992. Mata 150 masu dajin nono da ya yaɗu aka raba biyu bisa ƙuri'a, rabi jan magani kaɗai, rabi tare da garkuwa. A kashin farko mata 20 zuciyarsu ta kasa. A kashi na biyu, 2 tak. Waɗanda aka tsare kuwa sun iya karɓar jan magani mai yawa fiye da ƴan uwansu. Amurka ta ba da izininsa a 1995 da sunan Zinecard.

Tsoro biyu

Da abin ya tsaya nan, da kowane mai karɓar jan magani ana sa masa garkuwa tun ranar farko. Amma tsoro biyu suka shiga tsakani, suka kuma riƙe maganin fiye da shekara ashirin.

Na farko: abin da ya tsare zuciya, ba zai tsare dajin shi ma ba? Tambaya ce mai ma'ana. A 1997 aka bayyana wasu manyan gwaje-gwaje biyu bisa mata 534. Duka biyun sun nuna zuciya ta tsaru. Sai dai a ɗaya daga ciki, ƙullutun ya ragu ga kimanin 47 cikin 100 na masu garkuwa, alhali ya ragu ga kimanin 60 cikin 100 na marasa ita. A gwaji na biyu ba a ga wannan bambanci ba, kuma a duka biyun tsawon ran majinyatan bai bambanta ba. Da aka tattara dukkan gwaje-gwajen manya daga baya, ba a sami shaidar cewa garkuwa na rage ma jan magani kaifi ba, an kuma ga tana rage kasawar zuciya da wajen kashi huɗu cikin biyar. Duk da haka lambar nan guda ta zauna a kan likitoci, hukuma kuma ta ƙayyade cewa sai matar da ta riga ta karɓi miligaram 300, ana kuma son a ci gaba, za a sa ma garkuwa.

Tsoro na biyu ya fi nauyi, don yara ya shafa. Yaro mai shekara biyar da ya warke daga dajin jini yana da shekara sittin gabansa da zuciya ɗaya, saboda haka shi ya fi kowa bukatar tsaro. A 2004 Steven Lipshultz da abokan aikinsa a Boston suka bayyana gwaji bisa yara 206 masu dajin jini: alamar raunin zuciya ta fito cikin jinin 50 cikin 100 na marasa garkuwa, 21 cikin 100 na masu ita, warkewa daga daji kuwa daidai wa daida. Amma a 2007 wani bincike bisa yara 478 masu dajin kaluluwa irin na Hodgkin ya ce yara 10 sun kamu da wani sabon daji bayan magani, 8 daga cikinsu masu garkuwa ne. Aka tuna kuma cewa a Ingila, cikin shekarun 1980, wasu da suka daɗe suna shan razoksan ta baki don ciwon fata sun kamu da dajin jini. A 2011 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta hana ba yara shi ɗungum.

Likitocin yara da yawa ba su yarda da hukuncin ba, kuma a ganinmu suna da hujja. Yaran nan na 2007 an haɗa musu da wani magani, etopozid, wanda an san shi kansa yana iya jawo dajin jini. Lambar 8 da 2 kuwa ƙarama ce ƙwarai da za a gina babban hukunci bisa kanta. Da aka bi dubban yaran da suka karɓi garkuwa a wasu gwaje-gwajen, ba a sake ganin wannan ƙari ba. A 2017 hukumar ta Turai ta sassauta, ta buɗe ƙofa ga yaran da ake sa ran jimillarsu za ta wuce 300. A 2023 aka bayyana sakamakon duba wasu daga cikin yaran gwajin farko, kimanin shekara 18 bayan ciwonsu, sun zama manya: zuciyar masu garkuwa ta fi bugawa da ƙarfi. Shekara shida na hani, yara nawa aka yi ma jan magani zuciya a buɗe, wannan lissafi ne da ba ya cikin takardar hukunci.

Yadda ake ba da shi

Ana ɗura shi ta jijiya cikin minti 15, kamar rabin awa kafin jan magani, ninki goma na yawansa: in doksorubisin miligaram 50 ne, garkuwa 500. Tsarin nan na gaba da baya shi ne ginshiƙin abin. Deksrazoksan rigakafi ne ga zuciya, ba makari ba. Zuciyar da ta riga ta kasa ba ya tayar da ita. Yana da nasa wahalhalu: yakan ƙara rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda shimiyo ta riga ta rage, saboda haka sai ana awon jini, yakan sa zafi wurin allura, mai ciwon ƙoda a rage masa, mace mai ciki ba a ba ta, mai shayarwa kuma sai ta dakatar da nono. Kuma yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, don haka awon zuciya ba ya tsayawa.

Wuri ɗaya ne yake zama makari. Idan allura ta goce, jan magani ya tsiyaye cikin nama maimakon jijiya, yakan ci fata ya bar gyambo mai zurfi wanda sau da yawa sai an yi fiɗa. Masana a ƙasar Danmak suka gano cewa in an sa deksrazoksan cikin awa 6, aka maimaita kwana uku a jere, naman yakan tsira. Turai ta amince da wannan a 2006 da sunan Savene. Shi ya sa mai karɓar jan magani, in ya ji zafi ko ƙuna wurin allura, ya faɗa nan take. Kunya ko dauriya a nan ba su da amfani.

Abin da ya shafe mu

Dajin nono shi ne kan gaba cikin dajin mata a Nijar, kuma dangin jan magani ne kashin bayan maganinsa. Tun 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai ta soma gashin daji da haske, abin da a da sai an fita waje. Gashin ƙirji, musamman ɓangaren hagu, yana ƙara ma zuciya nauyi bisa na jan magani, haka ma wani maganin dajin nono mai suna trastuzumab. Hawan jini, ciwon suga, tsufa, da ƙuruciya ƙwarai, duka suna ƙara haɗarin. Akwai kuma wani abu namu: kasawar zuciya ta jego, wadda likitocin Zariya da na Yamai suka daɗe da nuna yawanta a ƙasashenmu. Matar da ta taɓa kumburi da haki bayan haihuwa, ko da ta warke shekara goma da suka wuce, wajibi ne ta shaida ma likita kafin a soma mata shimiyo.

Akasarin majinyata ba su kai miligaram 300 ba, saboda haka ba kowa ke bukatar garkuwa ba. Abin da kowa ke bukata shi ne awo da rubutu. Awon shi ne hoton zuciya na ekogarafi, wanda ke nuna kashi nawa na jinin da ke cikinta take turawa a kowane bugu. Lafiyayyar zuciya tana tura fiye da rabi. A yi shi kafin a soma, a maimaita bayan an gama. Wani bincike na birnin Milan a 2015, bisa majinyata 2625, ya nuna 9 cikin 100 sun sami raunin zuciya, kusan dukkansu cikin shekarar farko bayan magani, kuma waɗanda aka gano da wuri aka ba su magungunan zuciya na yau da kullum, irin su enalapril, yawancinsu sun farfaɗo, ko da ba duka ba. Ashe shekarar da majinyaci ke ganin ya gama da likita, ita ce shekarar da ya fi kamata ya koma.

Rubutun kuwa shi ne karnen maras lafiya. Mutum ya soma magani a Yamai, ya ci gaba a wani gari ko wata ƙasa, bayan shekara biyar ciwo ya dawo, ya je wurin likita na uku. In ba a rubuta sunan maganin da jimillar miligaram ba, likita na uku zai soma ƙirga daga sifiri, alhali zuciya tana riƙe da tsohon lissafi. Ma'aikatan lafiya su rubuta jimillar a fili bisa shafin farko; majinyaci da danginsa su adana karnen kamar takardar haihuwa.

Ga masu tsara odar magunguna kuma, deksrazoksan ya fi jan magani tsada nesa, tun da ninki goma ake sawa. Amma waɗanda suka cancance shi sanannu ne, ana iya ƙirga su tun farkon shekara: matan da dajinsu ke jin magani bayan sun kai 300, yaran da tsarin maganinsu zai wuce wannan iyaka, kamar masu dajin ƙashi, da ƴan kwalabe na ko-ta-kwana a ɗakin shimiyo don ranar da allura ta goce.